Amanar da Aka Bar wa Teku

A unguwar Karama ta Dubai na tashi, cikin wani ɗan fulat da Baba ya kama lokacin da yake tura kaya Kano daga kasuwar Naif. Da Mama ta rasu, sai ya ɗauko Kaka ta zo ta riƙe ni. Tsohuwar da ta saba da tsakar gida cike da mutane, ga ta a Dubai ba mai gaishe ta sai ni, ni ma sai yunwa ta koro ni.

Ba a hura wuta a bene, don haka bayan magariba kaskon turare take jawowa, mu zauna gaban garwashinsa. "Matso nan, mijin banza," in ji ta. "Ba cefane, sai son tatsuniya."

Ƙawarta ɗaya ce a garin: Fauziya, 'yar aikin maƙwabtanmu, mutuniyar Lardin Gabas na Sri Lanka. Ba mai jin yaren wata. Da hannu da guntun Larabci suke hira, amma a haka Kaka ta kwashe lardin kaf ta mai da shi tatsuniya.

Wai akwai wata ƙasa da ruwa ya kewaye, gabashinta gunduma uku: ta jiragen ruwa, ta masunta, da ta manoman shinkafa. Wata mata daga gundumar masunta za ta tafi neman abinci a garin rairayi, ba ta da wanda za ta bar wa 'ya'yanta. Sai ta tsaya bakin gaɓa ta ce, "Teku, ga amana." Kullum Kaka sai ta ƙara wani abu, yau bishiyar kwakwa, gobe yaran suna taya masunta jan koma.

A ƙarshen 2004 teku ta yi ambaliya ta hau lardin. Fauziya ta tafi neman 'ya'yanta da ta bari a can, ko sallama ba ta samu yi ba. Kaka ta mai da tabarmarta kusa da ƙofa, duk motsin takalmi a matakala sai ta ɗaga kai.

Na dame ta da tambaya. "Kaka, to teku ta riƙe amanar?"

"Mai labarin ba ta dawo ba," ta ce. "Ni ba zan yanke wa 'ya'yan wata hukunci da bakina ba."

Na ji haushi, na ɗauka rowa ce. Sai da na girma na san kewa, sannan na gane: muddin ba ta rufe tatsuniyar ba, yaran suna raye, ita kuma tana da wadda take jira. Har Allah ya karɓi ranta ba ta rufe ba. Ni ma yara na tambayata ƙarshen, in ce musu ban sani ba.