Dalar Inna Mai Yatsa

Shekarun baya da ɗan dama, ina sabon malamin lakol, wato makarantar boko, a Agiye, kaina na hayaƙi, na taɓa yi wa mahaifiyata wani alheri da har yau ban gama jin kunyarsa ba.

Mu asalinmu makiyaya ne, kakanni suka gangaro daga arewa suka kama noma. Shanu sun ƙare tuntuni. Abin da ya rage wa Inna na waccan rayuwa shi ne dalolin azurfa guda bakwai, irin na zamanin Turawa, kowace da huda a gefe, waɗanda mata ke ratayawa a kitso. Tana naɗe su cikin tsumma a ƙasan kwalla. Shida mahaifina ne ya saya mata, ɗaya kuwa ta uwarta ce, wadda ta rasu Inna tana 'yar shekara tara. Ban san haka ba a lokacin, domin na fi gwanintar bayani a kan tambaya.

Wani hutu na je gida, ranar Inna ta tafi suna ƙauyen gaba da mu. Ina laluben takardar haihuwata a kwallar sai na ci karo da su. Duk sun yi baƙi, wata ta yi ɗigo-ɗigo, wata ta yi dishi-dishi kamar madubin da aka hura wa numfashi. Na ce a raina, Allah sarki, tsohuwa ba ta san kula da dukiya ba. Na samo lemun tsami da toka mai laushi, na zauna gindin bishiyar bedi ina ta dirza har suka koma suna ɗaukar ido. Na jera su a faifai, na harɗe ƙafa ina jiran yabo.

Da la'asar ta dawo. Na ce, "Inna, zo ki ga aikin ilimi."

Ta durƙusa, ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Da ta kai ta bakwai sai ta koma farko. Can ta ce, "Ina mai yatsan?"

"Wane yatsa, Inna?"

"Na innata. Randa ta ɗaura min ita ga kitso ta gama tatsa ke nan, hannunta duk mai, ta danna ta da babban yatsa. Shatin ya zamna nan, ya yi baƙi. In na tuna ta, nan nika aza nawa bisa nata."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta naɗe su a tsummansu, ta ce, "Sun yi kyau, mushe," kamar yadda ake kiran malaman lakol da Faransanci, ta shige ɗaki. Duk bakwai ɗin sun zama iri ɗaya, ko wadda ce ta uwarta ba a iya ganewa.

Ranar kasuwar Gazawa na roƙe ta su, na hau mota sai wurin wani tsohon maƙerin farfaru da ke sayen tsoffin kuɗi yana kai wa masu tara su a ƙetaren iyaka. Yana kwance tsumman ya yi salati.

"Wa ya yi wagga ɓarna?"

Na ce wani yaro ne a gidanmu. Ya dube ni, ya dubi faratana da toka ba ta gama fita ba, ya ce, "To ka gaya ma yaron, baƙin azurfa ba dauɗa ba ne. Shi masu tarawa ka biɗa, shi ka nuna ba a taɓa ta ba. Yanzu ya kankare musu fuska."

Na ce ba sayarwa na zo yi ba, na ba shi labarin yatsan, na tambaya ko zai iya mayar da shi.

"Ɗana, ni maƙeri ne, ba ni tada matacce. Kak ku sa su leda, zufa suka yi ciki su yi tabo. A naɗe su ƙyalle mai tsabta a ƙyale su. Wani sa'in abin da ya ci ƙarfe yakan komo."

Na mayar wa Inna da su naɗe a ƙyalle, damina biyu ko hanyar kwallar ban bi ba. Wata Juma'a na je gaishe ta, sai ta kira ni ɗaki ta buɗe ƙyallen. Dalolin sun fara rinewa, sun yi ja-ja, kuma a tsakiyar ɗaya ga shatin yatsa ya fito raɗau. Har na buɗe baki zan yi kabbara, sai na ga wani layi ya ratsa shatin. Na dubi babban yatsana na dama, inda lauje ya yanke ni ina ƙarami. Ashe nawa ne, na ranar da na riƙe ta da ruwan lemo a hannu. Na yi maza na ɓoye hannun a bayana.

Inna ta yi dariya. "Bar ɓoye hannu, na gani tun bara. Nata ɗan ƙarami ne, wanga ko kamar kofaton jaki."

Na ce, "Inna, ba mu ma san ko ita ce dalar ba."

"Allah Ya sani. Ni dai yatsa nika biɗa in aza nawa, ga shi kuwa ya hito daga jininta."

Tun daga nan na koyi tambaya kafin in gyara abin mutum. Matata har tsokanata take yi, wai ko gindin tukunya zan kankare sai na nemi izini. Na yarda, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi, dalolin kuma sun koma baƙinsu, ba mai dirza su. Kunyar tana nan, amma ta daina ciwo. Kwanan baya ƙanwata ke gaya min, duk lokacin da na daɗe ban je gida ba, sai ta tarar da Inna zaune bakin gado, kwalla a buɗe.