Kawu Waya da Kwamfutar da Muke Tsoron Kashewa

Kowace safiya, kafin maƙwabta su buɗe shagunansu, Kawu Waya mai gyaran kwamfuta ya riga ya share nasa, ya shimfiɗa farin tawul a tebur, ya jera kayan aiki. Bangon shagon kuwa ba ka ganin fentinsa saboda wayoyin haɗa kayan kwamfuta: masu faɗi, masu kauri, waɗanda aka daina yayinsu tun muna firamare. Matarsa ta sha rantsuwa sai ta kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Shi dai dariya yake yi, ya ce, "Ƙyale su, kowace da ranarta."

Ranar ɗaya daga cikinsu a gidanmu ta zo. Mahaifinmu ya yi shekaru yana karanta wa ɗalibai makafi littattafan makaranta yana naɗa, kuma duk muryar tana cikin wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa. Bayan rasuwarsa faifan cikinta ya soma wani ƙas-ƙas. Aka gargaɗe mu cewa in aka kashe ta ba lalle ta sake tashi ba, sai muka bar ta a kunne kan batir. Ba ta karɓar filashi, ba ta san intanet ba.

Kawu ya zo ya kara kunnensa a jikinta, ya ɗago ya dube ni.

"Hanya ɗaya ce, 'yata. A haɗa mata na'urar kaset daga ciki, a kwashe komai. Amma fa sai an kashe ta."

"Kashewa? Kawu, in ta ƙi tashi fa?"

"Shi ya sa ba yau zan taɓa ta ba."

Ni da gajen haƙuri, na yi ta sintiri a shagonsa har na fara jin haushinsa. Ashe bawan Allah wata matacciyar kwamfuta irinta ya zaƙulo, yana gwada aikin a kanta. Ya haɗa, ya kwance, ya sake haɗawa, don ya gama namu kafin faifan ya huce ya ƙi tashi. Telan da ke kusa da shi ya ce wallahi sun zaci Kawu ya fara taɓuwa.

Ranar aikin Mama na tsaye bakin ƙofa tana addu'a. Kawu ya yi bisimilla ya kashe ta. Ɗakin ya yi tsit. Ya cire murfin, ya zura na'urar a gurbinta, ya ɗauko wata faffaɗar waya daga cikin waɗanda matarsa ta tsana, ya daidaita jan layin gefenta, ya danna a hankali kada haƙoran su lanƙwashe. Ya sa wayar wuta, ya kunna. Fankar cikinta ta juya. Can sai ga ƙas-ƙas ɗin nan. Ban taɓa jin ƙara mai daɗinsa ba!

Da kaset ya ɗauke komai, Kawu ya ƙi tafiya sai da ya juye a wata kwamfutar muka saurara. Muka ji Baba ya gyara murya zai fara karatu, sai ya tsaya ya ce, "Hajiya, don Allah rufe ƙofar nan, naɗa nake yi." Mama ta mai da ƙofar ta rufe, sannan ta fashe da kuka. Ba a jima ba faifan ya mutu murus, amma ɗaliban suna nan suna sauraren malaminsu.

Yanzu ido ya yi rauni, Kawu zai rufe shago. Kawu, kai ne ka ɗauki amanar mutumin da ba ka taɓa gani ba, ka riƙe ta kamar ta ɗan uwanka. Mai hannun sanyi, mun gode, Allah Ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma masu gyara, ku je ku karɓi wayoyin nan kafin matarsa ta cika rantsuwarta, ku koyo haƙurin da ke tare da su.

Kawu, Mama ta ce in gaya maka, har yau duk sanda za ta saurari muryar Baba, sai ta tashi ta rufe ƙofar.