Saniyar da Na Hana a Kai Tsafe

Wata damina, a gidanmu na Furfuri, saniyata ta soma lalacewa ina kallo. Ita kaɗai ta rage mini cikin abin da mahaifiyata ta bari, kuma da nononta nake dama furar da nake kaiwa Gusau. Ga ciyawa shar a fadama, tana ci kamar ba gobe, amma haƙarƙari a waje, gashi a tsaye, ga zawo. Ƙwaryar tatsa da ke cika ta koma ko rabi ba ta kaiwa. Ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, ni kuwa har murna na yi, na ɗauka ƙiba ce ta fara.

Na ba ta kanwa. Na ƙara mata dusa. Na yi mata turare saboda bakin mutane. Shiru.

Sai babban ɗana ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Inna, mu kai ta kasuwar Tsafe tun tana iya tsayuwa, kafin mahauta su ce fata kawai za su saya."

Na ce, "Kai da ka girma da nononta? Ka ba ni lokaci zuwa kaka."

Na aika aka kira malamin dabbobi daga Bungudu. Ya buɗe idonta ya ga fari fat, ya taɓa kumburin nan. Ya ce tsutsotsin ciki ne, daga ciyawar fadama take kwasowa, duk abin da ta ci su ke cinyewa. Ya ɗura mata magani, ita da maraƙinta. Sannan ya ce kada a sha nonon, kada a sayar, sai ranar da ya yanka mini.

Nan ne abin ya yi mini nauyi. Matan Damba da suka saba sayen furata suna aiko tambaya, ni kuwa ban taɓa zubar da nono a ƙasa ba tunda aka haife ni. Sai na sakar wa maraƙi uwarsa, ya sha iya cikinsa.

A hankali zawo ya tsaya, kumburi ya sace, gashi ya kwanta. Kafin a yanke gero hantsarta ta cika, har sai da na ari ƙwarya wajen maƙwabciya.

Ashe ɗana ya riga ya yi magana da dillali. Mutumin ya iso da igiya a kafaɗa, ya zagaya saniya yana dubawa, ya ce, "Inna, ina marar lafiyar?"

Na dama masa fura da kindirmonta. Ya shanye tas, ya naɗe igiyarsa, ya tambaye ni ina ake samun malamin nan.