Tudun da Ba a Yi a Ƙofata Ba

Shekarun da na yi ina aikin gwamnati sun koya mini cewa hanya mai kyau alheri ce ga jama'a, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Sai dai ranar da aka gama shimfiɗa kwalta a layinmu na Dutsen Kura, ban san cewa abin zai shiga tsakanina da masallaci ba.

Gidana yana fuskantar masallacin unguwa, titi ne kaɗai ya raba mu. Tun da mai ɗakina ta rasu, aiki kuma ya watsa 'ya'yana garuruwa, a nan ne kawai nake zama cikin mutane. Ina da gurbi a sahun farko, dama da liman. Ba wanda ya ba ni shi da baki, amma kowa ya san nawa ne. Lokacin da layin yake na ƙasa, cike da ramuka, dole mai babur ya lallaɓa, har ya sami sukunin ɗaga hannu ya ce, "Baba, barka da hutawa." Nakan tsallaka da sandata ba tare da na waiwaya ba.

Da kwalta ta zo, masu acaba da masu keke mai ƙafa uku suka gano cewa layinmu yana raba su da cunkoson babban titi. Ɗalibai masu sammakon zuwa jami'a a Gidan Kwano su ma suka mai da shi hanyarsu. Da fari akuya aka banke. Daga baya aka ture wata mata mai sayar da masa, ƙafarta ta karye. Sai jama'a suka zauna a harabar masallaci bayan La'asar, aka amince a yi tudun rage gudu, irin na siminti da ake gicciyawa a titi. Hukuma ta ba da izinin guda ɗaya kawai, domin layin gajere ne.

Shugaban matasan unguwa, wani mai sayar da kayan gini, mutumin kirki wanda ya tashi a kudu, ya miƙe ya ce, "Baba shi ne babbanmu, kuma ƙafarsa ta fara nauyi. Ni a ganina, a yi shi a ƙofar gidansa."

Na ji sanyi a raina, domin abin da nake fata ke nan. Amma a yadda aka rene mu, dattijo ba ya karɓar girma a tayin farko. Mahaifina, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan, ko shimfiɗa aka yi masa a taro sai ya ce a ba wani. A sake roƙonsa, ya sake kaucewa, sai an haɗa shi da Allah sannan ya zauna. Mai tayi ya san abin da ke kansa, mai ƙi ma ya san nasa. Saboda haka na gyara murya na ce, "A'a, kada a dube ni. Ni na ci zamanina. A duba inda zai fi amfanar jama'a."

Na gyara zama ina jiran a ce, "Haba Baba, ai ba za a yi haka ba." Liman, wanda sa'ana ne kuma ya san wannan ladabi, ya tafi ta'aziyya Bida a ranar. Shugaban matasa ya juya ga jama'a fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Kun ji dattako ko? Allah ya ƙara wa Baba girma. To, ina kuke ganin ya fi?" Telan da ke ƙarshen layi ya ce kwanar shagonsa ce mashigar 'yan Islamiyya. Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka tashi.

Ina da aboki guda da ya rage, tsohon ma'aikacin tasha, wanda yakan hawo keke daga Limawa ran Juma'a ya zo mu gaisa. Da na ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "Kai ma dai, Alhaji! Yaran yanzu, in ka ce ka ƙoshi, kafin ka rufe baki sun ɗauke kwanon. Tashi ka je ka ce musu ba haka kake nufi ba."

Na ce, "Ni in je in roƙi abin da na ƙi a bainar jama'a?"

Ya ce, "To, zauna. In an kira salla, sai girman naka ya goya ka ya tsallakar da kai."

Ban je ba. Hujjar tela gaskiya ce, yara suna bi ta kwanarsa, kuma ba zan tsaya ina jayayya da yara a kan tudun siminti ba.

Aka yi tudun, aka shafa masa fenti fari da rawaya, ya kuma yi aikinsa. Tun daga lokacin ba a sake ture kowa a kwanar ba. Abin da ba wanda ya hango shi ne, mai babur in ya sassauta a kan tudu, sai ya nemi fanshe abin da ya ɓata. Yana saukowa yake murɗa hannu, daidai ƙofata kuwa gudunsa ke cika. Na taɓa ɗaga sanda in tsai da wani, ya kauce mini da ƙyar yana ihu, "Baba, koma gida, hanya ba taka ba ce!"

Sai na koma bin gefen kwata har shagon tela, in tsallaka a kan tudun, in dawo ta ɗaya gefen. Ga mai ƙafa lafiya ba wata tafiya ba ce. Ni kuwa kafin in iso an ta da iƙama. Da fari sukan bar mini gurbina, in ratsa sahu ina ba da haƙuri. Wata rana na tarar liman ya ce a cike giɓi, kamar yadda ya wajaba a kansa. Na tsaya a baya, kusa da takalma. Ba wanda ya yi mini laifi.

Da rana har yanzu nakan yi wannan zagaye, in tsaya duk inda na samu. Magariba ce ta gagare ni, domin a lokacin ne babura suka fi yawa, idona ba ya jure fitilunsu, gefen kwatar kuma ba shi da tabbas. Ita nake yi a zaure, ƙofa a buɗe, ina jin liman ta lasifika. Na san hukunci, ba bin liman nake yi ba. Ina dai daidaita sallata da tasu, domin mu yi ruku'u tare, mu ɗago tare. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar karatu, sai murya ta yanke, in dakata kaɗan ko za ta dawo, sannan in ƙarasa ni kaɗai.