Kawu da Sojan Cikin Kwando

Jiya a ɗakin karatu na gano sunan wani soja da na shekara biyu ina nema. Har na ɗauki waya zan kira Kawu, sannan na tuna wata bakwai ke nan da rasuwarsa.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Doha, inda nake karatu, a hanyarsa ta dawowa daga Umra. Na kai shi wani ɗan shagon shayi a unguwar Al Muntazah, na gaya masa zan ajiye karatun in koma Kano. Bincikena a kan sojojin saman Amurka ne da suka yi aiki da Faransawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna shiga kwando a ƙarƙashin ƙaton balan-balan don hango abokan gaba. A gida kowa dariya yake yi mini.

Na ce, "Kawu, wa zai karanta wannan?"

Ya hura shayinsa, ya ɗage tabarau zuwa goshi yadda ya saba, ya jawo hoton da na nuna masa dab da hancinsa. Ƙamshin turarensa ya cika teburin.

"Wannan na cikin kwandon, ya sunansa?"

"Ban gano ba tukuna."

"To ina za ki? Ɗan wani ne fa. Ki bar shi a rataye a sama ba suna? Zauna ki nemo."

Na yi dariya har da ƙwalla, na fasa tafiya.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya sanyaya makwancinka yadda ka sanyaya mini rai ranar nan.