Tarihin Ivanilde Kreutz da Ruwan Ganyen Mate

Haihuwa da Karatu

An haifi Ivanilde Kreutz ranar 9 ga Yuni, 1958, a wani ƙauye kusa da Seara, a jihar Santa Catarina. Mahaifinta Arlindo mai kiwon aladu ne, mahaifiyarta Zelinda kuwa ungozoma. Ta kammala karatun aikin ɗakin gwaji a 1979.

Aure

A 1982 ta auri Valmor Tomazoni, direban motar abincin dabbobi.

Aiki

Ta shafe shekara ashirin da bakwai a cibiyar kiwo ta ƙungiyar manoma. A 2006 aka ɗora mata alhakin adana maniyyin aladu da na'ura ta tantance domin a riƙa haifar 'ya'yan aladu mata zalla, amma maniyyin kan mutu kafin ya isa gonakin kan tudu, saboda iska na cin ƙwayoyinsa kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. Bayan ta jarraba sinadaran kariya iri-iri ba su yi ba, sai ta jiƙa ganyen mate, shayin da kowa a yankin ke sha safe da yamma, ta tace, ta ɗiga kaɗan a ruwan adanawa. A gwajinta, maniyyin ya kwana biyu yana motsi.

Zargi

A 2009 wasu masana a ƙasar waje suka maimaita gwajin bai yi ba, suka tuhume ta da ƙirƙirar sakamako, aka sallame ta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har coci ta daina zuwa.

Sai a 2013 'yarta Marlise, likitar dabbobi, ta ziyarci masanan, ta tarar cewa da tafasasshen ruwa suke jiƙa ganyen, abin da ke ɓata shi. Ashe Ivanilde ba ta rubuta zafin ruwan a rahotonta ba, tunda ko ƙaramin yaro a Seara ya san ba a zuba wa mate ruwan da ya tafasa. Da labari ya iso mata, abin da ta ce kawai shi ne: "Tafasawa? Wa ya raini mutanen nan?"

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Maris, 2014, bayan gajeriyar jinya, ana tsaka da sake gwajin, aka binne ta a maƙabartar ƙauyensu. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Adelar, manomi; Cleusa, malamar makaranta; da Marlise, wadda ta karɓi wasiƙar janye zargin daga masanan mako biyar bayan jana'iza, ta karanta wa mahaifinsu.