Jan Ƙyalle a Ƙafar Ɗan Shamuwa

A gidanmu da ke wani ƙauye bayan Gafasa, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Da an idar da sallar magariba, Iya, mahaifiyar babanmu, za ta jawo kujerarta bakin murhu a ƙarƙashin rumfa, ta jera sabuwar masara a kan garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce mai zama a jikin ƙafarta, don sunanta aka sa mini. Kowa a gidan Ummi yake ce mini, ita kaɗai ke kira na Takwara. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Sai ta juya masara ta ce, "Ga wata nan tafe daga Kademi, ƙafarta duk taɓo. A ba ta wuri?" Mu ce, "A ba ta." Kademi ne garinsu, kuma a wurin Iya duk wani abin kirki daga can yake fitowa.

Daminar da nake shekara tara, wata iska ta kakkaɓo ɗan shamuwa daga tsamiyar ƙofar gidanmu. Ya kai girman budurwar kaza, gashi ya fito masa, amma bai fara tashi ba. Babu mai taɓa shamuwa a garinmu, ita ce ke zuwa da albishir ɗin ruwa. Baba ya duba tsayin sheƙar, ya ce ba mai iya mayar da shi, a bar shi ga Allah. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Na sa shi a tsohon kwando, na shiga farautar fara da ƙananan kwaɗi a bayan gida, ina ɗura masa. Cikin kwana goma ya san takuna.

Matsalar ita ce muzuru. Akwai wani ƙato mai yagaggen kunne da ya gama da 'yan tsakin unguwarmu, kuma na gan shi sau biyu a kan katanga yana leƙen kwandona. Da dare ina kife ɗan shamuwan a ɗakin Iya. Da rana kuwa ya fara yawo, yana nufar bayan rumbu inda muzurun ke laɓewa. Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Na yago bakin jan ɗankwalina na naɗe masa ƙafa don kada ta ji ciwo, na ɗaura igiyar rama a kai, na ɗaure ɗaya bakin a jikin dirkar rumfa. Iya ta gani. Ta ci gaba da aikinta.

Gero ya fara nuna, ruwa ya ja baya. Shamuwoyin gari suka fara taruwa da hantsi suna kewaya sama, alamar tafiyarsu ta matso. Duk sanda suka tashi, nawa sai ya buɗe fukafukai, ya ruga, ya yi tsalle. Igiya ta ƙare, ta fizgo shi, ya faɗo da ƙirji. Ya miƙe ya sake. Ina kallo, amma sai in tuna muzuru, in ƙara duba ƙullin.

Ran nan da magariba Iya ta jera masara, ta ce ga wata nan tafe daga Kademi. Muka ba ta wuri.

Ta ce a wani gari an yi wata mata da ba ta da kowa. Ta tsinci ɗan shamuwa, ta rene shi, ta so shi har ba ta iya cin tuwo sai yana gabanta. Don kada wani abu ya same shi, ta ɗaure shi da zaren da ta kaɗa da hannunta. Da kaka ta yi, shamuwoyi suka sauka a bishiyar gidanta, kwana uku suna roƙo ta sako musu ɗansu. Ta ce waje akwai mugun abu, a nan ya fi. Suka tafi. Da shekara ta zagayo, ko ɗaya ba ta dawo garin ba. Shi kuwa hadari, in ji Iya, bai san hanya ba, shamuwa yake bi. Sai ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya zo bakin garin, ya duba bishiyoyi ya ga wayam, ya juya. Mutane na tsaye a gona da iri a ƙwarya, suna kallon ruwa yana sauka a garin wasu.

Na ce, "Iya, sai me ya faru?"

Ta ɗauko masara ta hure toka. "Ta gasu. Karɓi taki."

"Ba ki ƙarasa ba."

"Ƙarshen ba ya wurina, Takwara. Na manto shi a Kademi."

Sauran yara suka yi dariya, ni ban yi ba. Na san da wa ake. Masarar ma kasa cin ta na yi. Idan na kwance shi muzuru ya cinye shi, ni na kashe shi. Idan na bar shi a ɗaure 'yan uwansa suka tafi, ba zai kai wata damina ba, kuma ni Ummi, 'yar shekara tara, na hana garinmu ruwa. Wallahi haka na gaskata har cikin raina.

Da hantsi shamuwoyi suka tashi, sun fi na kullum yawa. Iya na zaune tana yankan kuɓewa. Na je na tsaya a gabanta. Ba ta ɗago ba, ta dai ajiye wuƙar a gefen faifai, ƙotar tana kallona. Na ɗauka. Ƙullin ya riga ya cije, don haka igiyar kawai na yanke, jan ƙyallen ya zauna a ƙafarsa.

Bai ma san an sake shi ba. Ya ruga, ya kai inda igiya ta saba fizgo shi, ya tsaya cak. Wannan tsayuwar ta fi komai yi mini ciwo. Sai da ya yi haka sau biyu, a na uku ya wuce, ya yi sama kamar tsayin mutum, ya faɗa kan danga yana tangal-tangal. A nan na hango yagaggen kunne. Muzurun ya fito daga bayan rumbu, cikinsa a ƙasa, yana tafiya a hankali.

Na zabura. Iya ta cafke wuyan hannuna, ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

"Zauna. In kika ruga, wurinki zai sauko, ƙasa kenan."

"Iya, zai cinye shi."

"Ya gan shi. Bar shi ya ji tsoro, tsoron ne zai ɗaga shi."

Muzurun ya kai gindin danga, ya tattara jikinsa. Ɗan shamuwan ya karkata kai ya dube ni, ni kuwa na cije leɓe na ƙi kiran sa. Muzurun ya daka tsalle, karan danga ya karye, gashi biyu suka tashi a iska. Na runtse ido. Da na buɗe, yana kan jinkar rumbu yana haki. Daga nan ya sake buɗe fukafukai, ya bi ta saman katanga a karkace, da ƙyar ya kama reshen tsamiya na ƙasa. Sai a lokacin Iya ta sake ni, shatin yatsunta a hannuna. Ta ce, "Miƙo mini wuƙata, kuɓewa na jira."

Kwana huɗu ina hango jan ƙyalle a cikin ganye. A na biyar tsamiya ta wayi gari ba kowa. Na tambayi Iya ko zai iya doguwar tafiyar. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ba. Na ce to ƙarshen tatsuniyar fa? Ta ce, "Ai ke kika ƙarasa ta."

Iya ta rasu da bazarar nan, saura kwanaki shamuwa ta dawo. Sun dawo, ruwa ya sauka, an yi shuka. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ban ga ja ba.

Yanzu ina koyarwa a Gaya, na san hadari ba tsuntsu yake bi ba. Bara 'yata ta fari ta samu makarantar koyon jinya a Kano. Satin farko sau shida nake kiran ta a waya kullum: kin ci abinci, wa ke ɗakinku, kada ki fita. Ran nan ta ce mini ƙawayenta sun tafi kasuwa, ita ta zauna, don ta san zan kira. Na ajiye wayar, sai na tuna ɗan shamuwan nan tsaye cak a inda igiya ta saba ƙarewa. Na daɗe ina kuka. Yanzu ranar Juma'a kawai nake kira, sauran kwanakin in riƙe wuyan hannuna da kaina.

Har yau ban san ko ya kai ba. Amma duk shekara idan shamuwa ta sauka, mutane suna duban gabas, ni ƙafafu nake dubawa.